Kafin a Daka Ƙwayar a Zuba a Kunu

'Ya'yana na Lajawa, musamman ku da jinya ta faɗo wa, ku ba ni aron kunnuwanku. Akwai gidan da tsufa ya ruɗar da kaka, akwai wanda saurayi ya samu taɓin hankali. A je Dawanau ko Asibitin Malam Aminu Kano a karɓo magani, a dawo gida ya ce atafau ba zai sha ba. A lallaɓa, a roƙa, ya karɓa ya ɓoye a ƙarƙashin harshe ya tofar. Sai wata ta ce, "Ke, daka ta ki zuba masa a kunu mana." Na san tausayi ne da gajiya suke kawo wannan shawara, shi ya sa ba faɗa zan yi muku ba.

Ku tuna abin da Nana A'isha ta ruwaito, yana cikin Bukhari da Muslim. A ciwon ajalin Annabi (SAW) an ɗura masa magani ta gefen baki, yana nuni da a bari, mutanen gida suka ɗauka ƙin magani ne irin na kowane maras lafiya. Da ya farfaɗo bai bar zancen ya wuce ba: ya sa aka ɗura wa duk wanda ke wurin, in ban da Abbas da bai halarta ba. Masoyansa ne fa, kuma alheri suka nufa. To wanda yake cikin hayyacinsa, ya fahimci ciwonsa, ya ce ba ya so, ba ku da ikon yi masa dabara, ko da kuna ganin kuskure yake yi. Maganar ɓoyewa tana tasowa ne kawai ga wanda ba ya iya gane abin da ake gaya masa, kuma likita ne zai tantance haka. Gardama ba hauka ba ce.

Ko ga wanda ba ya iya ganewar, kada mutum ɗaya ya yanke hukunci a madafi. A Ingila, ƙarƙashin dokarsu ta 2005, sai likita da mai harhaɗa magani da dangi sun yi shawara, an rubuta dalili, an sa lokacin sake dubawa. Mu ma a Najeriya an sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, ta maye gurbin ta 1958, ta kuma ba yardar maras lafiya muhimmanci. Mu Kanawa ai mun ɗanɗana illar rashin neman yarda: gwajin maganin Trovan na 1996 a kan yara kusan 200, da zargin ba a sanar da iyayensu gaskiya ba, yana cikin abin da ya sa aka guji rigakafin shan-inna a 2003.

Yanzu ki duba kwanon kunun nan da kyau, 'yata. Wata ƙwayar an yi ta ne ta narke a hankali cikin yini guda. Kin daka ta, ƙarfinta ya afka masa lokaci ɗaya. Ya kurɓi rabi ya ture, ba ki san nawa ya shiga ba. Jikanki ɗan shekara uku ya zo ya shanye sauran, me za ki ce? Idan wuyan maras lafiyan ya sandare ko hannunsa ya kama rawa, bai san daga ina ba, balle ya faɗa. Wanda kuma dama ciwonsa ke raya masa ana yi masa sammu a abinci, ranar da ya ji ɗaci a harshe kin gaskata masa zarginsa. Daga nan ko ruwa ba zai karɓa daga hannunki ba, ke da kika rage masa a duniya.

Ku koma wurin likitan da ya rubuta, ku ce ya ƙi sha. Ku tambayi maras lafiyan ma dalilinsa. Sau da yawa kasala ce ko barcin da maganin ke sa shi, kuma ana iya canzawa. Akwai na ruwa, akwai allurar da ake yi bayan 'yan makonni. In likita ya ce ba makawa sai a abinci, a yi da saninsa, a ɗan abin da za a cinye duka, na ɗan lokaci. Ranar da Allah ya ba shi sauƙi, a zaunar da shi a gaya masa abin da aka yi da dalilin yinsa, a kuma tambaye shi yadda yake so a bi da shi idan ciwon ya sake tashi.