Darasi: In baƙaƙe masu ƙugiya sun ɓace a takardar PDF

Yau magatakardan ƙungiyar manoma ba da alƙalami kaɗai yake aiki ba. Sunayen waɗanda suka ɗauki bashin taki, da yawan buhunan da ke cikin bankin cimaka, duk a kwamfuta ake rubuta su. Daga nan a kai su gari, wurin mai fotokofi, ya buga a takarda.

Sau da yawa takardar tana dawowa da ɓarna. Inda aka rubuta ɗari, sai a ga ɗan akwati, sannan "ari". Ƙasa ta koma kasa, baƙi ya koma baki. A takardar bashi wannan ba wasa ba ne, rigima ce ranar biya.

Baƙaƙe huɗu ne ke shan wannan wahala: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Allon rubutu na faransanci ba shi da su. Kuma kowace kwamfuta tana da nata irin zanen baƙaƙe. Masu shago suna ce masa "polis", amma ba ɗan sanda ba ne. Wani zanen yana da ƙugiya, wani babu. In aka kai rubutu inda babu zanen da aka yi shi da shi, sai inji ya sa wani, ko ya bar akwati.

Don irin wannan ne kamfanin Adobe ya fito da PDF a 1993. PDF yana iya tafiya da zanen baƙaƙensa a cikinsa, kamar matafiyi da guzurinsa. Saboda haka a mai da rubutu PDF a kan kwamfutar da aka rubuta shi, tun ba a fita da shi ba. Amma PDF ba ya gyara kuskure. Abin da ya tarar, shi yake riƙewa.

In an ga akwati, da sauran dama, don baƙin yana nan, kayansa ne babu. A koma ga rubutun farko, a zaɓe shi duka, a canza masa zane, a sake yin PDF. Andika da Charis da Noto Sans duk suna da ƙugiya, kuma kyauta ne. Andika ma don sababbin masu karatu aka zana shi. In alamar tambaya ce ta fito a wurin baƙin, galibi ya riga ya ɓace. Sai an sake rubuta shi, kalma bayan kalma.

Wani lokaci laifin ba na inji ba ne. Mai bugawa ne ya rasa ƙ, ya sa k, yana ganin duk ɗaya ne. Wanda ya yi yaƙi da jahilci ya fi shi sanin bambancin, sai ya nuna masa da yatsa.

In gefen shafi ya yanke, a duba girman takarda. Ta nan A4 ce, santimita 21 a faɗi, 29,7 a tsawo. Wasu kwamfutoci suna zuwa da awon Amurka, wanda ya ɗan fi faɗi.

Kafin a biya kuɗin shafi ashirin, a buga ɗaya tukuna. Magatakarda ya karanta shi da ƙarfi a cikin shagon, ya nemi ɗaya da ɗari da sunayen da ke farawa da Ɗan. In sun fito daidai, a buga saura.