Tsargiya: tsutsar da ke zaune cikin jini

Da yawa daga cikinmu mun ga yaro yana fitsarin jini, muka ce alamar girma ce. Wannan kuskure ne. Ciwo ne, sunansa tsargiya.

Wata ƙaramar tsutsa ce ke kawo shi. Ƴaƴanta suna girma cikin dodon koɗi na tabki, da gulbi, da magudanan noman rani. In mutum ya shiga ruwan don wanka, ko wanki, ko dashen shinkafa, sai su huda fatarsa. Daga nan su zauna cikin jijiyoyin jini na mafitsara, suna zuba ƙwai shekara da shekaru. Ƙwan nan su ke yi wa mafitsara rauni.

In tsutsotsin sun yi yawa, jini yana ragewa, yaro ya rame, ya kasa karatu. In aka daɗe, ƙoda na iya lalacewa. Mace kuwa tana iya rasa haihuwa.

Maganinta ƙwaya ce mai suna Praziquantel. Tun shekarar 2004 Nijar ta fara rabon ta ga jama'a kyauta. Ma'aikacin lafiya ya kan auna nauyi ko tsawon mutum kafin ya ba shi. Misali, yaro mai kilo 30 zai sha ƙwaya 2, babba mai kilo 60 ya sha 4.

Mu riƙe abubuwa huɗu:

1. A ci abinci a ƙoshi kafin a sha maganin.
2. Mai tsutsa da yawa ya kan ji ciwon ciki, ko jiri, ko tashin zuciya. Kada a firgita, ya kan wuce cikin yini guda.
3. Maganin yana kashe manyan tsutsotsi, amma ƙanana suna kuɓuta. In jini bai tsaya ba bayan ƴan makonni, a koma likita a auna fitsari, domin mai yiwuwa a sake shan magani.
4. Mace mai ciki ta faɗa wa ma'aikacin lafiya tukuna.

Magani ba ya hana a sake kamuwa. Kada mu yi fitsari cikin tabki ko gulbi, domin ta nan ƙwan ke komawa ruwa. Ruwan wanka da aka ɗebo daga tabki, a ajiye shi kwana 2 kafin a taɓa shi.

Wanda ya karanta wannan darasi, ya karanta wa maƙwabcinsa.