Kwana Biyun Farko a Alƙahira: Yadda Baƙo Zai Kama Kansa

Wanda ya sauka Alƙahira karon farko, ƙara ce ke fara yi masa maraba. Hon ɗin motoci ba ya yankewa dare da rana, gada na bisa gada, dogayen gidajen jan bulo sun yi sahu babu yaɓe, mutane kuwa sai ka ce yanzu aka tashi daga sallar Idi. Birnin da kewayensa, haɗe da Giza, na ɗauke da mutum sama da miliyan 20. Mutanenmu da ke zuwa, ko karatu ya kai su Azhar, ko asibiti, ko yawon buɗe ido, da yawansu a kwana biyun farko suke asarar kuɗi da natsuwa, domin suna son gama garin tun ba su fahimci tsarinsa ba. Shawarar ita ce ka ware waɗannan kwanaki don koyon gari, ka ɗaure bakin jaka.

Shiri daga gida yake farawa. Ka tabbatar da biza da katin rigakafin shawara, domin ana neman sa daga masu fitowa daga ƙasashenmu. Ka sa a rubuta maka adireshin masaukinka da Larabci. A filin jirgi ka sayi layin waya da fasfonka, ka canza kuɗi kaɗan a banki, sannan ka kira mota ta manhaja irin Uber, wadda ke nuna farashi tun kafin ka shiga. Lambobin motocin Masar da alƙaluman Larabci ake rubuta su, irin waɗanda ke kan shafukan Alƙur'ani, saboda haka wanda ya yi makarantar allo ya riga ya huta. Idan farar tasi ka tara, ka ce a kunna mita, ko ku yanke kuɗi kafin ka rufe ƙofa.

Tsallaka titi shi ne jarrabawar farko. Danja ba ta da yawa, kuma direba ba ya tsayawa don ya gan ka a bakin hanya. Ka nemi ɗan gari mai shirin tsallakawa, ka tsaya ta gefen da jikinsa zai kare ka daga motocin da ke tahowa, ka taka tare da shi. Kada ka ruga, kada ka ja da baya. Direbobin suna auna tafiyarka ne su kauce, wanda ya yi turus a tsakiya shi ke rikita musu lissafi.

Abu na biyu da ya kamata ka koya shi ne jirgin ƙarƙashin ƙasa, wato metro. An buɗe shi a 1987, shi ne na farko a Afirka, kuma yanzu layi uku ne ke aiki. Yana da araha, ba ruwansa da cunkoson sama. Tashar Sadat na ƙarƙashin dandalin Tahrir, inda tsohon gidan tarihin Masar na 1902 yake. Shuhada na wajen babbar tashar jirgin ƙasa ta Ramsis. Ataba kuwa ita ce ta kusa da kasuwanni. A tsakiyar kowane jirgi akwai taragon mata, namiji ya kiyaye. Ka guji safiya lokacin fita aiki da kuma yamma lokacin tashi. Ka sani kuma tashar Giza ba a gindin dala take ba, sai ka ƙara da mota.

Sai masu tarar baƙi. A Tahrir, da kasuwar Khan Khalili, da wajen dalar Giza, za ka gamu da mai fara'a da zai tambaye ka ƙasarka, ya ce yana da aboki ɗan Najeriya, ya ce gidan tarihi a rufe yake yau, ka zo shagon turarensa ka sha shayi. Ka ce “la, shukran”, wato “a'a, na gode”, da murmushi, ka ci gaba da tafiya. Kada ka karɓi abin da aka danƙa maka a hannu da sunan kyauta. In za ka hau raƙumi, ku daidaita kuɗin hawa da na sauka, da tsawon lokaci, kuma a fam ɗin Masar. Tikiti a tagar hukuma kaɗai ake saye, kuma manyan wurare da yawa da katin banki suke karɓar kuɗi. Ka riƙe canji, domin tukwici, wanda suke kira bakshish, al'ada ce ga mai gadin takalma da mai ɗaukar kaya. Ban da ɗaukar hoton sojoji, 'yan sanda ko gine-ginensu.

A abinci ka bi inda 'yan gari suka yi layi. Koshari, haɗin shinkafa da taliya da ƙananan waken adas da soyayyar albasa da miyar tumatir, yana ƙosarwa da kuɗi kaɗan. Da safe akwai ful, wato dafaffen wake, da ɗa'amiyya, wadda ta yi kusa da ƙosai. Ruwan gora za ka sha. In tsakanin Disamba da Fabrairu za ka je, ka tafi da rigar sanyi.

Idan ka kwana ka huta, ka fara da wuri mai tudu. Ganuwar Salahuddin, wadda aka soma ginawa a 1176, tana nuna maka birnin gaba ɗaya, ka gane ina kogin Nilu yake, ina tsohon gari. Daga nan ka gangara masallacin Azhar, wanda Faɗimawa suka aza harsashinsa a 970, inda ɗalibai daga Borno suka daɗe da samun zaurensu na musamman. Masallacin Husaini da Khan Khalili na tsallaken titi. Ka zaga, ka tambayi farashi a shago uku ko huɗu, ka bar sayayya sai gobe.

In da hali, ka tsara tafiyarka yadda yawonka na farko zai faɗo safiyar Juma'a. Ranar hutu ce, tituna na sakin jiki har zuwa lokacin salla, tafiyar da kan ci awa guda sai a yi ta cikin ɗan lokaci. Wanda ya haddace hanyar masaukinsa da tashar metro mafi kusa a irin wannan safiya, cunkoson ranar Lahadi, ranar da ake komawa aiki, ba zai firgita shi ba.