Babi na Bakwai: Karatu a Na'ura da Karatu a Takarda

7.1 Gabatarwa

A wannan babi za a dubi abubuwan da mai karatu yakan fara lura da su sa'ad da ya riƙi na'urar karatu a karon farko, sannan a kwatanta su da abin da ya saba da shi a bugaggen littafi. Manufa ita ce ɗalibi mai shirin zama malami ya iya rarrabewa tsakanin ɗokin sabon abu da amfanin da ke ɗorewa, domin wata rana shi ne zai zaɓa wa yara abin da za su yi karatu da shi.

7.2 Ma'ana da Taƙaitaccen Tarihi

Na'urar karatu wani ɗan allo ne na lantarki, mai girman ƙaramin littafi, wanda aka ƙera musamman domin adana littattafai da karanta su. Littafin lantarki ya girmi na'urar, domin tun a shekarar 1971 Michael Hart ya fara shirin Project Gutenberg a Amurka, inda ake juya tsofaffin littattafai zuwa kwamfuta. A 2004 kamfanin Sony ya fitar da Librie a Japan, sannan a watan Nuwamba na 2007 kamfanin Amazon ya fitar da Kindle a kan dala 399, mai ɗaukar littattafai kusan 200.

Abin da ya bambanta na'urar da wayar hannu shi ne tawadar lantarki. A ƙarƙashin fuskar allon akwai ƙananan ƙwayoyi farare da baƙaƙe, waɗanda lantarki ke tura wasunsu sama, wasu ƙasa, har haruffa su bayyana. Da zarar shafi ya fito, sai ya zauna ba tare da jan wuta ba har a juya shi. Wannan ne dalilin da ya sa caji guda kan kai makonni.

7.3 Abubuwan da Sukan Fara Burge Mai Karatu

Abu na farko shi ne rashin nauyi. Wanda ya saba ɗaukar ƙamus da littattafan nahawu a jaka yakan yi mamakin ganin ɗaruruwansu a cikin abin da bai kai nauyin ɗaya daga cikinsu ba. Na biyu, rubutun yana kama da na takarda, har ana iya karanta shi a tsakiyar rana, inda fuskar waya takan dushe. Na uku, mai karatu na iya ƙara girman haruffa, abin da ke taimakon dattawa da masu raunin gani. Haka kuma yana iya laluben kalma guda a cikin littafi sukutum cikin ƙiftawar ido.

7.4 Abubuwan da Yakan Yi Kewa

Bayan 'yan kwanaki, sai mai karatu ya fara jin wani giɓi. A bugaggen littafi hannu ma yana taya ido aiki: kaurin shafukan da ke hagu da na dama yana sanar da mutum inda ya kai, kuma sau da yawa yakan tuna cewa wata magana tana can ƙasan shafi, wajen tsakiyar littafi. A na'ura kuwa kowane shafi kamar ɗan'uwansa yake, kuma da an sauya girman haruffa, sai shafukan su sake tsari. Komawa baya domin gwada babi da babi ya fi wuya, haka ma rubuta sharhi a gefe.

Wasu kan ce wannan kewa ba komai ba ce illa sabo, wanda Bahaushe ya kira turken wawa. Sai dai bincike ya nuna akwai abin da ya wuce sabo. Anne Mangen ta Jami'ar Stavanger a ƙasar Norwe, ita da abokan aikinta, sun ba mutum 50 wani labari, rabinsu suka karanta a takarda, rabi a Kindle. Sakamakon da aka buga a 2019 ya nuna fahimtarsu ta zo kusan ɗaya, amma masu takarda sun fi iya jera aukuwar labarin bi da bi. A 2018 kuma Pablo Delgado da wasu masana sun tattara bincike masu yawa, suka gano takarda ta ɗan fi allo a rubutun bayani, musamman idan lokaci ya ƙure, alhali a ƙagaggen labari ba a ga bambanci ba. Yana da kyau a lura cewa mafi yawan allunan da aka yi waɗannan bincike da su na kwamfuta ne.

7.5 Batun Mallaka

Wanda ya sayi bugaggen littafi yana iya ba da aronsa, ko ya sayar, ko ya bar wa magada. A na'ura kuwa, sau da yawa izinin karantawa kawai ya saya. A watan Yuli na 2009 Amazon ya goge wasu littattafan George Orwell daga na'urorin masu saye saboda matsalar haƙƙin mallaka, ya mayar musu da kuɗinsu. A Nijeriya ma, dandalin OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka sayar da littattafansu, ya rufe a 2023.

7.6 Matsayin Rubutun Hausa

Yawancin masu karatun Hausa a waya suka fara cin karo da littafin lantarki, ba a na'urar karatu ba. A nan babbar matsala ita ce haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ. Idan aka buga rubutu babu su, ko kuma salon haruffan na'ura bai ɗauke su ba, sai baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa, ɓata ya koma bata. Babba yana gane ma'ana daga muhallin magana, amma yaro mai koyon ƙa'idojin rubutu zai ɗauki kuskuren a matsayin daidai. Saboda haka wajibi ne malami ya duba kowane matani kafin ya miƙa shi ga ɗalibai.

7.7 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa abin da aka ji a ranar farko bai isa a yanke hukunci da shi ba. Irin karatun ne ya kamata ya zaɓi abin karatun. Na'ura ta dace da karatun nishaɗi da neman bayani cikin hanzari, takarda kuwa ta fi dacewa da nazari mai buƙatar komawa baya da kwatantawa, kamar feɗe jigo da zubi da tsarin littafi.

7.8 Auna Fahimta

1. Bayyana yadda tawadar lantarki ke aiki.
2. Kawo fa'idoji uku na na'urar karatu da uku na bugaggen littafi.
3. Kawo kalmomi biyar da ma'anarsu ke sauyawa idan aka cire lanƙwasa.
4. Karanta babi ɗaya a takarda, wani a allo, sannan ka jera aukuwar kowanne ba tare da dubawa ba, ka rubuta abin da ka lura.