Karl Ziegler: Masanin da Ya Haɗa Jarkar Illela da Batirin Wayarka

Darasin yau a kan wani masanin sinadarai ne ɗan Jamus, wanda aikinsa yake cikin jarkar da ake jigilar ruwa da mai da ita daga Amarawa zuwa Illela da Birnin Ƙonni, yake kuma cikin wayar da ke hannunka.

Mene ne katalis?

Ka ɗauke shi kamar dillali a kasuwar dabbobi ta Illela. Shi ke haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa, ya wuce zuwa na gaba ba tare da an sayar da shi ba. Haka katalis yake: yana sa sinadarai su haɗu da sauri, shi kuma bai ƙare ba. Idan ƙwayar ƙarfe ta ƙullu kai tsaye da ƙwayar kabon, ana kiran irin wannan sinadarin oganometalik. Fannin Ziegler ke nan.

Wane ne shi?

An haife shi a 1898 kusa da garin Kassel. Ya samu digirin digirgir a jami'ar Marburg a 1920, ya koyar a Heidelberg da Halle, sannan a 1943 ya zama shugaban cibiyar binciken kwal da ke Mülheim, inda ya zauna har 1969. Ya rasu a 1973.

Matsalar da ta zama alheri

Kafin aikinsa, kamfanin ICI na Ingila ya gano robar foliyetilin tun 1933, amma sai an matse iskar etilin da ƙarfin da ya ninka na iskar duniya fiye da sau 1,000, ga kuma zafi. Aiki ne mai tsada da haɗari.

Ziegler yana amfani da sinadarin alminiyam wajen ɗinke ƙwayoyin etilin su zama sarƙa. Wata rana gwajin ɗalibinsa Erhard Holzkamp ya ƙi: maimakon doguwar sarƙa, ƙwayoyin biyu-biyu kawai suke haɗuwa. Da wani ne, sai ya wanke tukunya ya sake. Su kuwa suka dage da bincike har suka gano ɗan ɓurɓushin ƙarfen nikel ne a cikin tukunyar.

Sai Ziegler ya yi tunani: idan nikel yana katse sarƙa, wani ƙarfen me zai yi? Suka bi ƙarafa ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshen 1953 zakoniyam ya ba da roba, titaniyam kuma ya fi shi, domin ya yi aiki ba tare da matsi mai yawa ba. Robar da ta fito sarƙarta miƙaƙƙiya ce, shi ya sa ta fi tauri. Irinta ce ake yin jarka.

A 1954 Giulio Natta na Milan a Italiya ya yi amfani da irin wannan katalis ya samar da folifirofilin, robar da ake saƙa buhun taki da na shinkafa. A 1963 aka ba su kyautar Nobel tare. A Najeriya, kamfanin Indorama da ke Eleme a jihar Ribas yana yin nau'o'in robar guda biyu.

Ina ruwan waya?

A cikin batirin litiyam akwai wata siririyar leda mai ƙananan ƙofofi, wadda ke raba ɓangarori biyu na batirin don kada su taɓa juna. Galibi da waɗannan robobi ake yin ta. Idan zafi ya kai wajen digiri 130, foliyetilin ya fara narkewa, ƙofofin su toshe, lantarki ya daina wucewa. Amma idan zafin ya zarce, ko aka huda batirin, ledar ta lalace, wuta na iya tashi. Don haka kada ka bar waya a rana ko ƙarƙashin filo tana caji, kuma batirin da ya kumbura a canza shi, kada a huda.

Abin koyi

Mai koyon rubuta manhaja ko gyaran waya, idan abu ya ƙi aiki, kada ya tsaya a kashewa da kunnawa. Ya rubuta abin da ya faru, ya riƙa canza abu ɗaya a kowane gwaji, har ya kama dalilin. Haka Ziegler da ɗalibansa suka yi da ɓurɓushin nikel.