Ba Wayarka Ba Ce, Bluetooth Ne Ke Makarar Da Muryarka

Ƙorafin da ya fi zuwa mini daga matasan mawaƙa na cikin Birnin Zazzau, masu bege da masu waƙar biki, ɗaya ne: "Malam, in ina waƙa sai muryata ta riƙa biyo ni a baya." Sai wani ya ce wa yaro wayarsa ce ƙarama, ya je Sabon Gari ya sayo babba. Wani kuma a ce masa manhajar ce ta jabu. Wannan magana ta ishe ni, domin ina ganin yara na zubar da kuɗin da suka daɗe suna tarawa, matsalar kuwa tana nan daram.

In ka haɗa waya da lasifika ko iyafis ta Bluetooth, sai an dunƙule sautin, an aika, an warware, sannan ya fito. Wannan kan ci milisakan 150 zuwa 200, wani lokaci fiye. Sauti na tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa, ke nan tamkar an ɗauke lasifikarka an ajiye ta da nisan mita 60. Kunnen mawaƙi kuwa tun a milisakan 20 zuwa 30 yake fara jin jinkiri. Mai mandiri na bugawa, kai kana bin muryar da ta makara, 'yan amshi su rasa wanda za su bi. Ko Voloco ce, ko BandLab, ko FL Studio Mobile, ba wadda za ta iya maido da wannan lokaci. Wayar miliyan ma haka za ta yi maka. Bluetooth na sauraron waƙar da aka gama ne, ba na rera waƙa a gaban jama'a ba.

Ƙanena, ka nemi kebul. Ka sayi ɗan mahaɗin OTG da ƙaramin akwatin sauti, ko da irin V8 ɗin nan ne da ke ko'ina a kasuwa. Makirufo ya shiga akwatin, iyafis mai igiya ya fito daga akwatin, ka ji kanka kai tsaye. In manhajarka na da wurin saita bafa, mayar da ita 128, in sauti ya fara tsattsagewa ka ɗaga zuwa 256. Kashe tsarin tattalin batir, yana rage wa waya ƙarfi. Sa ta a yanayin jirgi kada kira ya yanke ka a tsakiyar baiti. Kada ka yi caji da janareta kana waƙa, daga nan gurnani ke shigowa cikin sautin, fawa banki ya fi tsabta.

Sai batun eko, wanda ya zama mana ciwo. Ka ratsa unguwar Kwarbai ko Babban Dodo lokacin Maulidi ka saurara: an murɗa eko har ƙarshe, a lungun da bango ke fuskantar bango, wurin da ya riga ya mayar da amo da kansa. Sha'iri ya ɓata dare yana tsara baiti, ba mai jin kalma ɗaya. Wannan zalunci ne ga waƙar. Murɗa ekon sai ka fara jin sa, sannan ka ɗan rage.

Haka Auto-Tune. Tun 1997 da kamfanin Antares ya fito da shi, aikinsa jan murya zuwa sautin da ke kusa. In ba ka saita shi a kan makullin da mai fiyano ke kiɗa ba, inda bai dace ba zai ja ka.

Kafin ka canja waya, ari kebul wurin abokin sana'a, ka kashe Bluetooth, ka gwada baiti ɗaya tare da mai kiɗanka.