Amsoshin Tambayoyinku: Naman Kaza ko Laimar Kwaɗi?

Naman kazan daji, wanda wani mai sauraro daga Agadas ya yi tambaya a kansa, yakan fito bayan ruwan Agusta a inda ƙasa ta jiƙa, kamar bakin koramar Telwa da lambunan Abzin. Launi ko ƙamshi ba sa raba shi da laimar kwaɗi mai dafi, cin da ƙwari suka yi masa ma ba shaida ba ce. Akan tono shi har tushe: mai 'yar jaka a gindi, ko mai kore-kore a ƙarƙashin laima, a bar shi. Dafuwa ba ta kashe dafi mafi muni. Da irin wannan dafi, amai da gudawa kan jinkirta awa 6 zuwa 24, hanta kuwa tana lalacewa a ɓoye. Wanda ya ci ya ji canji, a garzaya da shi asibiti tare da ragowar abin da ya ci.